Mu Muka Kawo Cutar, Gambo Ya Sha Faɗa

Mu 'yan biyu ne, kuma a gidanmu da ke Jega ba a raba mu wajen yabo ko wajen faɗa. In an tarar da randa a fashe, 'yan biyu ne. In an ga tsakar gida a share, 'yan biyu ne. Shi ya sa za ku ji muna ta cewa "mu" a wannan rubutu, ko da yake hannu ɗaya ne ya riƙe alƙalamin. Yanzu muna aji biyu a jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006. Ƙanenmu mai bi mana, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, Gambo ake kiransa. Labarin da za mu ba ku namu ne da shi da wata tsohuwar kwamfuta, kuma mun san da yawanku akwai irinta a gida, ko a makaranta, ko a shagon wani yayanku.

Babanmu harkar albasa yake yi. Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Sakkwato lokacin rani ya san hancinsa ne ke fara gaya masa ya iso Aliero. Tun lokacin dashe Baba kan ba manoma bashin taki da na man injin ban-ruwa. In an cire albasa su biya shi da buhuna, shi kuma ya loda mota zuwa Legas ko Anaca, can ma a karɓi wani kayan bashi. Shekara da shekaru wannan lissafi cikin wani littafi mai bangon kwali yake. Mu ne muka matsa masa da cewa zamanin littafi ya wuce, har ya sayi laftof ta hannu mai Windows 7. Muka zauna muka zuba masa komai a Excel: sunan manomi, ƙauyensu, abin da ya karɓa, abin da ya biya, abin da ya rage. Mutum sittin da 'yan kai. Baba ya ce shi bai yarda a bar sirrinsa cikin na'urar da kowa ke taɓawa ba, sai aka ajiye fayil ɗin a wani ƙaramin filash da ya ɗaura jikin makullansa. Littafin kwalin kuwa ya koma ƙarƙashin gado.

Da muka tafi jami'a sai Gambo ya gaji akawuncin. Kullum bayan sallar isha'i Baba zai miƙa masa makullai, ya soka filash, Baba na faɗa yana shigarwa. Ladansa shi ne in an gama a bar masa kwamfutar ya yi atisayen jarabawar JAMB. Kun san tun 2015 hukumar ta koma yin jarabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, don haka wanda hannunsa bai saba da linzami da madannai ba, tun kafin ya karanta tambayar farko an ci rabin lokacinsa. Gambo yana ajin ƙarshe a sakandare, kuma wannan laftof ita kaɗai ce hanyarsa.

Bara da hutun ƙaramar sallah, saura mako uku a fara jarabawar, muka dawo gida da namu filash ɗin cike da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. A wani shagon tura fina-finai aka zuba mana su, mai shagon har ya yi mana gyara da wasan ƙwallo na kwamfuta, wanda ya ce an riga an fasa shi, ba sai an biya ko kwabo ba. Muka yi ta godiya, mun manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Da dare ya yi, kowa ya kwanta, muka soka filash a laftof ɗin Baba, muka kalli fim biyu, muka girka wasan, muka buga har kusan asuba.

Washegari kwamfutar ta fara nauyi. Ka danna abu, sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Fankar cikinta na ta huci ko ba a aikin komai, datar da muka haɗa mata daga waya kuma ta ƙare ba tare da mun buɗe wani shafi ba. Muka ɗora laifin kan zafin Afrilu. Da dare Gambo ya soka filash ɗin Baba ya yi aikinsa, sannan ya kira mu: "Yaya, ku zo ku gani, foldar albasa ta yi wata 'yar kibiya a gindinta." Ya danna, ta buɗe kamar kullum. Muka ce ba komai ba ne. Amma da ya fita muka kalli juna, domin foldojin namu filash ɗin ma duk sun yi irin wannan kibiyar.

A makaranta an koya mana cewa in kwamfuta ta yi nauyi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Ga wanda bai san shi ba, Task Manager kamar monitan aji ne. Yana riƙe da sunan kowace manhaja da ke aiki a lokacin, ya san wadda ke cinye ƙarfin na'urar, kuma yana da ikon korar ta waje. Muka danna. Sai ga wani ɗan saƙo da Turanci, wai mai kula da kwamfutar ya hana buɗe shi. To wane ne mai kula da ita in ba mu ba? Muka nemi regedit, wato ƙofar shiga babban kundin da Windows ke rubuta dokokinta a ciki, shi ma aka ce mai kula ya hana. Muka nemi wurin da ake cewa a nuna ɓoyayyun fayiloli, muka tarar ya ɓace daga jerin. Muka gwada shiga shafukan kamfanonin da ke yin manhajar kashe bairos, ba wanda ya buɗe, alhali Facebook na buɗewa lafiya lau. A nan ne gabanmu ya faɗi. Kwamfutar da tsufa ya kama takan yi nauyi ta ko'ina. Wadda ta zaɓi ƙofofin bincike kaɗai ta kulle, akwai wani a cikinta da ba ya son a gan shi.

Da a nan muka tsaya muka nemi wanda ya fi mu sani, da labarin ya zo da sauƙi. Amma ɗalibin jami'a da ya yi zango uku gani yake babu abin da zai gagare shi. Muka sauko da wata ƙaramar manhaja ta waya, wadda aka ce tana buɗe ƙofofin da aka kulle. Task Manager ya buɗe, muka yi tsalle, kafin mu gama karanta sunaye biyar ya rufe kansa, saƙon nan ya dawo. Muka kashe kwamfutar muka kunna muna danna F8 don mu shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan abubuwan da ba makawa kawai. Ta fara tashi, ta mutu, ta sake kunna kanta. Sau uku haka.

A dare na uku muka samo wata manhajar da ba mu san wanda ya yi ta ba, wadda ta yi alƙawarin share cutar 'yar kibiya da dannawa ɗaya. Gambo ya gama shigar da lissafi zai zare filash, muka ce masa: "Bar shi ciki, gyara za mu yi." Muka danna. Kibiyoyin suka ɓace. Foldojin ma suka ɓace. Filash ɗin Baba ya koma fari fat, babu ko fayil ɗaya. Garin gyaran gira mun rasa ido.

Washegari da hantsi wani manomi ya zo daga wajen Aliero da cikon bashinsa, yana so a gaya masa abin da ya rage. Baba ya kira Gambo. Gambo ya soka filash, ya tsaya yana kallon farin allo.

"Mi ka yi ma na'urar ga?" in ji Baba.

"Baba, ban taɓa komi ba."

"Kai kaɗai ka taɓa ta kullum. Wasanni ka zuba mata ko? Daga yau kada in ƙara ganin hannunka bisanta."

Muna tsaye a bakin zaure. Gambo ya ɗago kai ya dube mu sau ɗaya, ya sunkuyar. Ya san wanda ya ce a bar filash a ciki, amma bai iya tona yayyensa a gaban baƙo ba. Mu kuma muka yi shiru. Manomin ya ce a saninsa buhu huɗu suka rage, Baba na tuna shida. Suka rabu a kan biyar, kowa ransa ba daɗi, mutanen da suka yi shekara goma suna hulɗa ba a taɓa jin kansu ba. Kuma akwai irinsa fiye da sittin a hanya.

Da yamma muka kai laftof ɗin wurin wani mai gyara a kasuwa. Bai tambaye mu komai ba. Ya ce a yi mata fomatin, filash ɗin ma a yi masa, gobe mu zo mu karɓa. Muka tambaye shi lissafin fa? Ya ce wannan ya riga ya tafi. Saura kaɗan mu yarda, domin in aka goge komai, an goge har da shaidar laifinmu. Abin da ya hana mu shi ne wani ɗan abu da muka lura da shi: in ka duba bayanin filash ɗin, yana nuna har yanzu akwai kaya masu nauyi a cikinsa, ko da yake ido ba ya ganin komai. Muka karɓi kayanmu muka dawo.

Kwana biyar Gambo bai taɓa kwamfuta ba. Yakan zauna da tsofaffin takardun tambayoyi a ƙarƙashin dalbejiya, in mun wuce ya gaishe mu kamar ba abin da ya faru. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. A rana ta shida muka ce wa Inna za mu je gaida Kawu, muka hau motar hanyar Koko muka sauka Maiyama. 'Yar Kawu, wadda muke kira Yaya, ta karanci kimiyyar kwamfuta, tana kuma koyar da ita a wata sakandare a can.

Ba ta ko buɗe laftof ɗin ba. Ta ce mu fara gaya mata abin da aka soka mata da abin da aka girka, daga ranar da take lafiya zuwa yau. Muka fara kame-kame, muna cewa wataƙila Gambo ne, wataƙila zafi ne. Ta ce: "Ku 'yan biyu, kuna zaune Aliero ba ku taɓa zuwa wurin masu ɗori ba? Kafin su taɓa ƙafa sai sun ji yadda aka faɗi. In kun ɓoye mini, zan gyara inda ba nan ne ya karye ba." Muka zayyana mata komai, har da manomin da buhu biyar.

Abu na farko da ta yi shi ne kashe intanet ɗin laftof ɗin, ta kuma hana a soka mata waya ko wani filash. Sannan ta ɗauko nata filash mai ɗauke da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne na kyauta, dangin Linux, ta tayar da laftof ɗin daga cikinsa. Ta ce muddin Windows ce ta tashi, cutar ma ta tashi tare da ita, duk abin da ka gyara za ta ɓata. Yanzu kuwa Windows na barci, cutar na barci, kuma cutar da aka rubuta don Windows ba ta iya motsi a Ubuntu. Ta soka filash ɗin Baba. Sai ga foldar ALBASA zaune daram, lissafin ciki cikakke har zuwa daren da muka yi aika-aikar. Muka duba sunan manomin nan. Buhu huɗu ne.

Ta yi mana bayani. Cutar 'yar kibiya ba ta cinye fayil, ɓoye shi take yi. Sai ta ajiye wata alamar bogi mai suna iri ɗaya da foldar. In ka danna alamar, za ta fara tayar da cutar, sannan ta buɗe maka foldar gaskiya don kada ka yi zargi. Manhajar da muka sauko da ita alamomin kawai ta share, ta bar foldojin a ɓoye. A kwamfuta mai lafiya, umarni ɗaya a cmd ya isa ya fito da su: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* , a sa harafin filash ɗin a madadin E. Kullen ƙofofi kuwa, cutar takan shiga kundin dokoki ta rubuta lamba 1 a gaban wani layi mai suna DisableTaskMgr, da wani mai suna DisableRegistryTools. Mayar da su 0 abu ne mai sauƙi, amma in cutar na raye za ta sake rubuta 1 kafin ka ƙifta ido. Wannan ne ya faru da mu.

Ta kwashe takardu da hotuna da lissafi kawai zuwa wuri mai tsabta. Duk abin da sunansa ya ƙare da exe, ko vbs, ko lnk, ko scr, ko bat, ta bar shi a baya, har da wasan ƙwallonmu. Da ta bincike laftof ɗin da manhajar kashe bairos mai tashi daga filash, sai aka ga baƙin biyu ne: mai kibiya, da wani da ake kira Sality, wanda aka fara gano shi tun 2003. Shi wannan yana liƙe kansa ne a jikin kowace manhaja da ya samu, shi ke toshe shafukan masu maganinsa, shi ne kuma ya lalata Safe Mode. Yaya ta ce wanda ya shiga jini haka, ba a cika yarda da wankinsa ba. A ƙarshe ita ma fomatin ɗin ta yi, ta girka Windows 10. Bambancinta da mai gyaran kasuwa shi ne sai da ta fitar da mutanen gida kafin ta rushe ɗakin.

Muna jiran girkin ya ƙare muka ce mata mu dai mun ji kunya, 'yan jami'a guda filash ya kayar da mu. Ta yi dariya ta ce wannan hanya ta girme mu. Bairos na farko da ya yaɗu a irin waɗannan kwamfutoci, mai suna Brain, wasu 'yan uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma ta faifan ajiya da ake miƙawa hannu da hannu ya zaga duniya. A 2010 aka gano Stuxnet, wanda ya lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, shi ma an yi shi ne yadda zai bi filash ya shiga inda intanet ba ta kai. Amma ta ce kada wannan ya zama mana uzuri. Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, mu da muke karatun kimiyya ya kamata mu sani. Ta kuma gargaɗe mu cewa Windows 10 ma nata wa'adin 14 ga Oktoban 2025 ne, mu fara tunanin mafita.

Kafin mu tafi ta sa muka canza kalmomin sirrin imel da Facebook daga wayarta, ta ce Gambo ma ya canza ta shafinsa na JAMB. Ta sa muka kira abokanmu biyu da suka ari filash ɗinmu muka gaya musu. Sannan ta raka mu bakin titi ta ce: "Na gyara tawa. Saura taku, tana Jega."

Bayan isha'i muka durƙusa gaban Baba, Gambo na gefe. Muka miƙa masa makullansa, muka nuna masa lissafin, sannan muka faɗi wanda ya kawo fina-finai da wanda ya danna. Baba ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, bai yi maganar fim ba, bai yi maganar kwamfuta ba. Ya ce: "Kwana shida kuna kallon ƙanenku yana ɗauke da kayanku." Ya juya ya ba Gambo haƙuri a gabanmu, abin da ba mu taɓa ganin ya yi wa ɗa ba. Washegari ya hau mashin da kansa ya mayar wa manomin nan kuɗin buhu ɗaya. A hanyar dawowa ya sayo sabon littafi mai bangon kwali, kuma har yau duk abin da aka shigar a Excel sai an rubuta shi a can. Ba mu sake ce masa zamanin littafi ya wuce ba.

Ƙannenmu, ga abin da muka koya da tsada. In kwamfuta ta ce mai kula ya hana buɗe Task Manager, alhali ta gidanku ce ba ta makaranta ko ofis ba, inda da gangan ake kulle shi, to ku zare ta daga intanet, kada ku ƙara soka mata komai. Folda mai kibiya a cikin filash, kada ku danna ta. Filash ɗin da ya koma fari, ku duba nauyin abin da ke ciki kafin ku yarda a goge shi. Kada ku sauko da magani daga inda ba ku sani ba, kada kuma ku girka fasasshen wasa a na'urar da ke riƙe da abincin gida. Duk abin da rasa shi zai sa ku kuka, ku ajiye shi wuri biyu. A buɗe wa kowa nasa asusun a kwamfutar, ikon girka manhaja ya zauna hannun mutum ɗaya. In kuma abin ya riga ya faru, ku gaya wa mai gyara da mai kwamfutar ainihin abin da kuka yi tun ranar farko. Abin da ya ci mu kwana shida, Yaya ta gano shi cikin minti goma da muka faɗi gaskiya.

Gambo ya zauna jarabawarsa. Kwanakin atisayen da muka cinye masa ba mu da yadda za mu mayar, shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba. Yanzu shi ke riƙe da kalmar sirrin mai kula da laftof ɗin, Baba ne ya ba shi. In mun zo hutu muna son girka wani abu, sai mun yi sallama a ƙofar ɗakinsa, ya tambaye mu daga ina muka samo shi.